Milimita da Bindigar Surukinsa

Yayana mai yankan gilashin tabarau ne, kuma tun yana koyon aiki sunan Milimita ya bi shi. Maigidansa na farko ne ya laƙaba masa, saboda ya taɓa hana wani dattijo tabaransa don tsakiyar gilashin ta kauce wa ƙwayar ido da abin da bai kai kaurin farce ba. Dattijon ya ce yana gani garau, a ba shi abinsa ya tafi. Yaya ya ce yau kam yana gani, amma ba da jimawa ba kansa zai riƙa sarawa bai san dalili ba. Daga nan sunan ya zauna daram. Har mahaifiyarmu, wadda harshenta bai taɓa kama shi daidai ba, takan ce ina Milmitan nan ya shiga, in ya yi jinkirin zuwa gaishe ta.

Ni da shi muke riƙe da shagon yanzu. Ni ce a gaba, ina taya mutane zaɓen firam, ina riƙe musu madubi, ina gaya wa kowa cewa wannan ya rage masa shekaru. Shi yana ciki da injinsa mai tsiyayar ruwa, da ƙananan sukurdirebobi jere bisa tsumma, kowanne a gurbinsa. Bayan ɗakin aikin akwai wani ɗakin ajiya mai taga ɗaya, kuma a nan ne rabin rayuwar Yaya take.

Ban san inda ya samo son tankar yaƙi ba. Gidanmu babu soja ko na dangin nesa. Mahaifinmu akawu ne har ya yi ritaya, Yaya kuwa mutum ne da in za a yanka kaza sai ya tuna yana da aike. Amma tun muna yara, lokacin da sa'o'insa ke ƙera motoci da gwangwani, shi tanka yake ƙerawa, kuma yakan ɓata rabin yini yana gyara tsawon bututun bindigar don ya dace da hoton da ya gani a wata tsohuwar mujalla.

Da ya girma ya yi aure, wani abokinsa ya sa masa wasan yaƙin tankoki a kwamfuta. Ya ji daɗinsa na ɗan lokaci, har ranar da wata ƙaramar tanka ta tsaya can ƙarshen fili ta huda gaban tasa, wadda ta fi kowacce kaurin sulke. Bai yi fushi don an ci shi ba. Abin da ya dame shi shi ne, a ganinsa hakan ba zai taɓa yiwuwa ba. Ya shiga karatu kamar mai shirin jarrabawa, ni kuma na zama ɗalibar dole. Ina goge madubi yana bina da bayani, wai harsashin da yake dunƙulen ƙarfe ne ƙarfinsa na raguwa da nisa, kamar jifan dutse. Akwai kuma wani irin da ba ruwansa da nisa, don shi sai ya taɓa sulke yake fashewa ya tsarga wuta ta rami ɗan siriri. Sulken da aka kwantar a karkace kuwa ya fi na tsaye wuyar hudawa, ya ce in duba yadda wuƙa ke daɗewa in na yanka burodi a karkace. Ban nemi sanin ko ɗaya ba, amma ga shi har yau suna kaina.

Ya rubuta wa masu wasan ya nuna musu kuskurensu. Suka amsa masa cikin ladabi cewa sun sani, amma wasa sai an daidaita ƙarfi kowa ya ji daɗi. Wannan amsa ta fi zagi yi masa ciwo. Ya ce mini wato sun san gaskiya suka take ta. A makon nan ya kwashe kwalayen da ke ɗakin ajiya, ya sa kafinta ya yi masa faffaɗan tebur, ya ce zai yi nasa wasan.

Teburin ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Tuddai na soson katifa da aka shafa wa fenti, gidaje na kwali, kogi na shuɗin leda. Tankokin kuwa, waɗansu ya saya a kwali ya harhaɗa, waɗansu ya sassaƙa da hannunsa, kowacce ba ta fi tafin hannu ba. Ana auna nisa da tef ɗin tela, a jefa ƙwallon lido don a ga ko harbi ya samu. Abokan wasansa biyu ne na dindindin, Tela da ke kallon shagonmu, da Mai Kemis na kan kwana. Sukan taru ranar Asabar da la'asar in mun rufe.

Da farko ana dariya a ɗakin. Amma Yaya bai iya barin abu ya huta ba. Duk abin da ya karanta sai ya shigar da shi cikin dokoki. Kafin a yi harbi ɗaya sai an auna nisa, a duba irin harsashin, a duba kusurwar da zai sauka, a duba shekarar da aka ƙera shi, don wai na farkon yaƙi da na ƙarshensa ba ƙarfe ɗaya ba ne. Tela ya taɓa yin gyangyaɗi tsakanin harbinsa da sakamakon harbin. Matar Yaya, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta leƙo wata rana da fulas ɗin shayi ta tarar da su shiru kowa na kallonsa yana lissafi. Ta ce, "Baban yara, kafin harsashin nan naka ya isa, ai an yi sulhu kowa ya koma gida."

Sannu a hankali Mai Kemis ya fara samun uzuri. Tela kuma in ya hango Asabar ta ƙarato sai ɗinki ya yi masa yawa. Akwai lokacin da Yaya shi kaɗai yake shiga, ya zagaya wannan gefen ya yi harbi, ya koma wancan ya karɓa. Na ce masa ya sassauta mana. Ya ce in ya sassauta, me ya raba shi da waɗancan na kwamfuta?

A cikin wannan hali surukinsa, mahaifin matarsa, ya dawo gidansu da zama. Matar tsohon ta rasu, idonsa ya yi yana, 'ya'yansa suka ga bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Mu dai mun san Baba tsohon soja ne, amma ba mai kawo zancen ba ne, Yaya kuwa tsakaninsa da shi gaisuwa ce da sunkuyar da kai. Ko abinci ba ya iya ci a gabansa. In Baba na falo, Yaya sai ya zama baƙo a gidansa, ya bi ta gefen bango ya shige.

Bayan an yi wa Baba aikin ido, 'yarsa ta kawo shi shago a yi masa tabarau. Yaya ya yi aikin nan kamar ransa ne a kai. Da ya ɗora masa, Baba ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni ya ce ashe 'yar nan ta girma haka. Sai ya ce zai zaga bayi. Hanyar bayin ta gaban ɗakin ajiya take, ƙofar kuma a buɗe.

Da muka ji shiru ya yi yawa, muka bi shi. Muka same shi tsaye a bakin teburin, ya ɗauki wata tanka mai launin ƙasa yana juya ta a hannu. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kama da sata, don bai taɓa so surukinsa ya san magidanci kamarsa na wasa da 'yan motoci ba. Baba bai ko waiwayo ba. Ya sa farce a kan wata ƙaramar ƙofa a saman tankar, ya ce, "Ta nan nake shiga."

Ashe shekarun ƙuruciyarsa duk a cikin irin wannan tankar ya yi su, har da yaƙin da aka yi tun ba a haife mu ba. Shi ne mai loda, wato wanda ke ɗauko harsashi ya tura shi a gindin bindiga. 'Yarsa ma ba ta sani ba, ita dai an ce mata Baba yana ɓangaren motoci.

Ban taɓa ganin Yaya a irin wannan hali ba. Shekara da shekaru yana bin hotuna da littattafai, ashe abin da yake nema yana falonsa yana shan shayi. Kunya ta ja shi baya, son sani ya tura shi gaba, daga ƙarshe son sani ya yi nasara. Ya fara zama kusa da Baba bayan sallar magariba, a ƙasa, yana tambaya kansa a sunkuye. Baba kuma, da ya ga an sami mai saurare, sai bakinsa ya buɗe.

Ba a daɗe ba na lura Yaya yana zuwa shago fuska a yamutse. Na tambaye shi ko shi da matarsa ne. Ya ce a'a. Sai da ya rufe ƙofar ɗakin aiki sannan ya gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa abin da Baba ke faɗa ba daidai ba ne. Baba ya ce bakin bindigarsu milimita ɗari da ashirin ne, alhali irin wannan tankar ɗari da biyar aka ɗora mata, ba a taɓa yi mata wata ba. Baba ya ce babu sulken da ke tsaya mata komai nisa, alhali Yaya ya san akwai tankokin da ba ta iya huda gabansu sai an matso sosai. Na ce to shi da ya zauna a ciki da kai da ka gani a takarda, wa ya fi sani? Ya ce shi ma abin da ya hana shi barci ke nan. Ya sake bin duk abin da yake da shi, ya tambayi masana irinsa da suke muhawara a intanet, ko akwai wata ƙasa da ta sauya wa tata bindiga. Babu. Na ce to ya bar tsoho da labarinsa, ai ba kotu ake ba. Ya ce zai yi ƙoƙari.

Baba da kansa ya ce yana so a sa shi a wasan. Labari ya kai wa Tela da Mai Kemis cewa akwai wanda ya shiga tanka ta gaske, sai ga su ranar Asabar, ɗinki ya ƙare, uzuri ya ƙare. Baba ya zauna a kujerar Yaya, ya ɗauki tankarsa mai launin ƙasa, ya ce kada kowa ya taɓa masa ita. Ba ya jiran lissafi. In ya jefa ƙwallo ya ga lamba mai yawa, sai ya miƙa sandarsa ya kifar da tankar abokin gaba da kansa, ya ce ta ƙone, a wuce wurin. Tela yana dariya har da hawaye. Ɗakin ya dawo da rai fiye da da. Yaya na tsaye a gefe da tef a hannu, yana murmushin da bai kai ciki ba. Ni da na san shi, na san kowace tanka da aka kifar ba bisa ƙa'ida ba a ƙirjinsa take faɗuwa.

Ya daure na tsawon makonni. Ranar da abin ya ƙwace masa ina ɗakin, na kawo musu kofuna. Tankar Mai Kemis, babba mai kaurin gaba, tana can ƙarshen tebur tana fuskantar ta Baba. Baba ya jefa, ya miƙa sanda zai kifar. Mai Kemis, da wasa, ya ce a tambayi alƙali tukuna. Duk suka juya ga Yaya. Da ya ce ta ƙone, da an wuce wurin. Ya auna nisan, ya daɗe yana kallon tef ɗin, sannan ya ce harsashin ya daki sulke ya zame.

Baba ya ce ɗari da ashirin ba ta zamewa.

Yaya ya durƙusa a gefen kujerar, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Baba, a gafarce ni. Irin wannan ba a taɓa ɗora mata ɗari da ashirin ba. Ɗari da biyar ce."

Tela ya shiga gyaran hularsa. Baba ya dubi surukinsa na ɗan lokaci, ya ce, "Kai ka shiga, ko ni?" Bai jira amsa ba. Ya ajiye tankar a hankali, ya dogara sandarsa, ya ce a kai shi gida.

Matar Yaya ba ta yi masa da sauƙi ba. Ta ce tsohon da bai gama makokin matarsa ba, ya sami abu ɗaya da ke sa shi dariya, shi ne za a ƙaryata shi a gaban mutane saboda abin wasan yara? Ta ce in milimita goma sha biyar ce matsalar, ta ba shi daga cikin haƙurinta ya cike. Ni ma ban goyi bayansa ba, na gaya masa gaskiyar da ba ta da amfani ga kowa ba dole ne a faɗe ta ba. Bai musa mana ba. Ya ce dai an tambaye shi ne, kuma in da ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne, da ya mayar da Baba yaron da ake lallashi. A ganinsa wannan ya fi raini. Ban yarda da shi ba a lokacin. Yanzu kuwa ban sani ba.

Gidan ya koma gaisuwa da sunkuyar da kai. Yaya ya rufe ɗakin ajiya, ya daina ko leƙa shi.

Baba ne ya karya shirun. Wata safiya sai ga shi a shago shi kaɗai, ya hau motar haya ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a benci na masu jira, ya ce in kira masa mai gilashi. Da Yaya ya fito ya durƙusa, Baba ya ce ya kwana biyu yana tunani, ya gane shi bai taɓa auna bakin bindigar nan ba. Rubutun da ke jikin harsashin kuma ba ya tsayawa karantawa, launin kansa kawai yake dubawa ya san wanne ne. Lambar nan daga bakin kwamandansu ya ji ta. Ya ce shi bai yarda surukinsa ya fi shi gaskiya ba, amma kuma bai yarda da kansa ba kamar da. Ya tambaya ko akwai yadda za a yi ya ga harsashin da idonsa.

Yaya ya ce na gaske kam ba shi da hanya, amma zai iya sa a yi kwatankwacinsa da katako, tsawo da kauri daidai. Baba ya ce a yi guda biyu, na ɗari da biyar da na ɗari da ashirin, kada a rubuta komai a jiki, kada kuma a gaya masa wanne ne wanne. Yaya ya so a zuba musu ƙarfe a ciki don nauyi ya zo ɗaya da na gaske. Matarsa ta ce in ya kuskura ya ba mahaifinta abin da zai karya masa baya, to ya nemi inda zai kwana. Aka yi su holoƙo.

Ranar da kafinta ya kawo su, babu Tela babu Mai Kemis, daga ni sai Yaya da matarsa. An kwantar da su bisa teburin wasa, kowanne ya kusa kai tsawon hannun babban mutum tun daga kafaɗa, ko ya fi. A idona kusan ɗaya suke, sai dai ɗaya ya fi siriri da tsawo. Baba ya dube su ya ce ido ba zai gaya masa komai ba, don a cikin tanka rabin aikin a duhu da hayaƙi ake yi. Ya cire tabaransa ya ba 'yarsa. Ya jingine sanda.

Ya fara ɗaukar mai kaurin. Ya rungume shi, ya gyara hannu, ya sake gyarawa, ya ajiye. Sai ya ɗauki ɗayan. Abin da na gani a nan ba zan manta ba. Hannunsa na hagu ya tafi ƙarƙashin wuyan harsashin, na dama ya kama gindinsa, ƙugunsa ya juya da kansa, ƙafarsa ta ja baya, sai ya tura shi gaba cikin iska da dunƙulallen hannu. Tsohon da sai an taimaka masa yake tashi daga tabarma, ya yi wannan duka kafin in ƙifta ido. Daga baya ya gaya mana da dunƙulen hannu ake turawa, don in ka buɗe yatsu murfin gindin bindigar zai tafi da su.

Ya tsaya riƙe da katakon a ƙirjinsa. Ya ce, "Wannan ne. Wanne ne shi?"

Yaya ya ce ɗari da biyar. Bai ɗaga kai ba da ya faɗa, kuma babu ko alamar murna a muryarsa.

Baba ya zauna. Ya ce ashe ƙarama ce. Sannan ya ba mu labarin da bai taɓa ba kowa ba. Ya ce su huɗu ne a ciki, dukansu yara in ban da kwamandan. Ana gobe za su fara karo da tankokin abokan gaba, jita-jita ta cika sansani cewa nasu sun fi kauri, harsashi ba ya cin su. Direbansu har amai ya yi don tsoro. Kwamandan ya tara su, ya dafa bututun bindigar, ya ce wannan ɗari da ashirin ce, babu ƙarfen da aka ƙera da zai tsaya mata. Suka yarda. Baba ya ce shi mai loda ba ya ganin waje, bango ne a gabansa da harsasai. Duk tankar da ya ce ya ga ta ƙone, a kunne ya gan ta, kwamandan ne ke faɗa daga sama. Yanzu da yake tunani, ya ce, mutumin nan bai taɓa barin su yi harbi daga nesa ba. Kullum sai ya sa direba ya bi bayan tudu, ya zagaya, ya ɓullo ta gefe. Su suna cewa wayo ne kawai irin nasa.

'Yarsa ta ce to ai ƙarya ya yi musu. Baba ya ce ƙarya ce mana. Ya ce amma kwamandan ya san gaskiyar, shi ya ɗauke ta shi kaɗai, ya bar su da barci. Na tambaya ko kwamandan yana raye. Ya ce su uku suka dawo, ban da kwamandan, kuma ba a cikin tanka ya mutu ba, zazzaɓi ne ya kashe shi ana saura kaɗan a gama yaƙin. Ya ce ya so a ce yana nan, ya tambaye shi yadda ya iya cin abinci a kwanakin nan.

Yaya ya fara ba shi haƙuri. Baba ya ɗaga hannu ya ce ya bari. Ya ce bai ji daɗi ba, kuma ba zai ce ya ji ba, amma gara da ya san mutumin da ya yi wa aiki kafin ya je ya same shi a lahira.

Asabar ta gaba Baba ya dawo teburin, ya ce a ba shi bindigarsa ta ainihi. Wasansa ya sauya gaba ɗaya. Ya daina kifar da tankar kowa da sanda. Sai ya laɓe bayan tudun soso, ya bar Tela ya gaji da jira ya fito, shi kuma ya zagayo ta gefe. Yakan sha kaye, ya kuma ci wani lokaci. Sannan ya fara gyara wa Yaya dokoki ta inda littafi bai kai ba. Ya ce wannan harbi da ake yi a jere kamar ana tafi ba haka yake ba. Harsasan da ke kusa da hannu kaɗan ne, in sun ƙare sai ka durƙusa ka ɗaga murfin ƙarfe a ƙasan tankar ka zaro waɗansu, tanka na tafiya tana jijjiga ka, kwanson da aka harba yana birgima da zafi a ƙafarka, hayaƙi na cin ido. Ya ce akwai ranar da kwamanda ya nemi mai huda sulke shi kuma ya tura mai fashewa, don hannunsa ya riga kunnensa. Yaya ya sa dokar gajiyar mai loda, da dokar kuskuren harsashi. Don su sami wuri, dole ya cire waɗansu, ciki har da ta shekarar ƙera ƙarfe, wadda ya fi so. Ya yi ta jinyar wannan kamar an cire masa haƙori. Tela ya ce da ya san haka, da tuni ya nemo wa Milimita suruki na biyu.

Tsakanin Yaya da Baba kuwa, kunyar ba ta tafi duka ba, amma ta yi laushi. Na taɓa zuwa gidan na tarar da su suna cin abinci a kwano ɗaya, suna gardama a kan yawan harsasan da tankar ke ɗauka. Baba ya faɗi nasa, Yaya ya ce a gafarce shi, ba haka ba ne. Baba ya ce to wannan kuma ba za a sassaƙa da katako ba, kowa ya riƙe nasa.

Da ƙafafun Baba suka ƙara rauni, babban ɗansa ya zo ya tafi da shi wani gari, inda gidan ba shi da bene kuma asibiti na kusa. Yaya ya so ya ba shi tankar ya tafi da ita. Baba ya ce a bar ta a fagen fama, me za ta yi a kan durowa. Yanzu ranar Asabar Yaya yakan jingina waya a jikin wani gidan kwali, ya juya ta yadda Baba zai ga teburin, Baba na ba da umarni daga gadonsa, Yaya na matsar masa da tankar. Wani lokaci umarnin ba shi da kyau, Yaya ya san za a ci su, yakan ce Baba ko a sake dubawa. In Baba ya ce a yi yadda ya ce, sai ya auna da tef ya matsar daidai inda aka ce.

A wasan da suka yi na baya-bayan nan, Mai Kemis ya tare hanya da babbar tankarsa, Tela ya ɓullo ta kogi. Baba ya daɗe yana kallo ta cikin wayar, sannan ya ce a ja da baya, a bar musu ƙauyen. Tela ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya ce Baba, ashe soja ma yana gudu? Baba ya ce, "Ɗana, duk wanda ka ji yana ba da labarin yaƙi, ya taɓa ja da baya." Yaya ya ɗauki tankar ya mayar da ita bayan tudu. Jikar Baba ta shigo da maganinsa a can, ya ce su ci gaba, zai kira in ya sha.